Hannun da Ba a Jona Ba

Jiya da dare na kwanta da fushi, fushin kuwa ya haifa mini wani mafarki.

Bari in fara da dalilin fushin, don mafarkin ba daga sama ya faɗo ba. Sunana Suwaiba, ina koyarwa a sashen aikin jarida, kuma ina digiri na uku a kan gidajen gem, wato shagunan wasan bidiyo, na garin Gusau. In na faɗi haka a gidan biki sai wata cikin matan ta ce Allah sarki, yanzu wasan yara ma har digiri ake yi masa. Na saba. Shekaru na yi ina zama a kan bencin waɗannan shaguna da jan mayafina, cikin hayaƙin janareta da warin takalman samari, har suka daina ɓoye sigari in na shigo.

Babi na huɗu shi ne zuciyar kundina. A wurin masu gem, abin da ake riƙewa ana dannawa sunansa hannu. Idan ƙarami ya ishi yayansa da kuka sai an ba shi ya buga, yayan sai ya miƙa masa hannu na biyu wanda ba a jona wayarsa a jikin na'ura ba, ya nuna masa wani a talabijin ya ce wancan ne kai. Yaro ya yi ta dannawa yana murna, alhali yayan ne ke yin komai. Na ga ana yi a shago, na ga ana yi a gidaje, kuma yawanci 'yan mata ake yi wa. Na sa masa suna mataccen hannu.

Jiya da la'asar Farfesa Ladan, mai duba aikina, ya ce in cire babin kafin ranar Alhamis da zan kare kundin. Ya ce ya bincika, bai ga wanda ya taɓa rubutu a kan wannan abu ba, kuma abin da ba shi da madogara mai jarrabawa na waje zai yi fatali da shi, ya haɗa da sauran aikin. In na cire na wuce lafiya, in na bari ba ruwansa. Ya ce tausayina ne ya sa ya faɗa mini. Na ce to. Na dawo gida na tarar 'ya'yan Yaya Mudi, Jabiru da ƙanwarsa Zinatu, sun zo hutu har da tsohuwar na'urarsu ta gem. Na zuba musu tuwo na shige ɗaki.

Sai na gan ni a ƙofar wani gari da rana tsaka. Mutanen garin rana biyu gare su, ɗaya a sama, ɗaya an jingine ta a gefen hanya kafin ta farkon ta ƙare. A saman ƙofar wani zobe ne ke juyawa cikin iska, mutane sun tsaya cak, wasu ƙafa ɗaya a sama, suna jiran ya cika a buɗe. Wani dattijo ya gaya mini tun yana saurayi yake jira, amma yanzu saura kaɗan.

Mai tsaron ƙofar zabo ne da tabarau. Ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan.

"Wa ya ambace ki?"

"Innata, kullum da safe."

"Shekara da shafi."

Na ce Inna ba ta da shafi. Ya ce to ban wanzu ba tukuna, in koma gefe in ba waɗanda suka wanzu hanya. Na koma gefe. A nan na lura ganuwar garin ba a gama zana ta ba, daga hagu layin fensir ne kawai. Na ɗage zani na tsallake layin. Zabon yana kallona sarai, amma tunda ban wanzu ba bai da wanda zai kama.

Cikin garin kasuwa ce. Na wuce bishiyar darbejiya, da shagon mai faci, da kaskon mai awara, sai kuma darbejiya, mai faci, mai awara, su ɗin dai, har mai awarar ta gaji da amsa gaisuwata. Mutanen garin maganarsu takan riga bakinsu fita, sai ka gama jin sannu da zuwa sannan leɓe ya motsa. Shi ya sa ba a faɗa a garin, kafin bakin mutum ya kammala zagi an riga an yi sulhu. Ruwa ya tsuge, amma a kwance yake tafiya daga gabas zuwa yamma daidai kafaɗa. Dogaye suka jiƙe sharkaf, mu gajeru muka wuce a bushe.

A gindin darbejiyar na tarar da mai zanen garin, wani Ɗanlami, zaune a tabarma cikin tarin takardu. Shi ya zana kowa da komai, har da kansa, sai dai kunnensa na hagu bai samu lokacin ƙarasawa ba. Na tambaye shi hanyar zauren kare kundi. Ya nuna mini da fensir, hanyar kuwa ta fito a daidai inda ya nuna. Muka ɗan taɓa hirar sana'a. Ya ce a zanen katun ba abin da ya kai tafiya wahala, taku ɗaya sai ya cinye takardu rututu, ƙafa ta ɗaga, gwiwa ta lanƙwashe, riga ta kaɗa. Don haka manyan garin daga ƙugu zuwa sama kawai ya zana su, ya sa wa kowa tebur a gaba.

Na ce, "Ba su taɓa ƙorafi ba?"

Ya ce, "Ba su taɓa neman tashi ba."

Sannan ya nuna saman kaina. Na ɗaga ido na ga ƙosai uku suna shawagi, suna bin ni duk inda na juya. Ya ce rayukana ke nan a garin, in yi tattalinsu, don shi ba ya zana ƙari.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a wani ofis. Sakatariyar jar akuya ce da ɗan kunne, tana zaune a bayan tebur tana tauna gabatarwar kundin wani bawan Allah. Ƙofar zauren tana bayanta. Na yi sallama.

"Oga bai zo ba, a dawo gobe."

Na ce ba oga nake nema ba, wucewa zan yi.

"Oga bai zo ba, a dawo gobe."

Na tambaye ta ya iyali, ta ce oga bai zo ba. Raina ya ɓaci, na gaya mata wata magana da ba zan maimaita ba. Duniya ta yi ja, ƙosai ɗaya ya faɗo daidai bakinta, na gan ni a bakin ƙofa ina sake sallama. Karo na biyu na bi ta lallashi, na ce mata Hajiya, na yabi ɗan kunnenta, har na ɗan rusuna. Duniya ta sake yin ja, ƙosai na biyu ya tafi. Ashe a garin zagi da roƙo farashinsu ɗaya. Da ƙosai ɗaya a kaina na tuna abin da samarin wani shago a Tudun Wada suka koya mini, cewa a cikin gem duk wanda ke maimaita magana ɗaya ba a jayayya da shi, tsallake shi ake yi. Na tattare zani, na yi bisimilla, na daka tsalle ta saman teburin. Ina buɗe ƙofa na ji tana gaya wa iska oga bai zo ba.

Zauren kare kundin gidan gem ne sak. Rufin kwano, labule a ƙofa, takalma zube, benci a jere, talabijin ɗaya a kan kanta da na'ura a ƙarƙashinta. Janaretansu haɗiye ƙara yake yi, don haka ɗakin shiru kamar an yi mutuwa. Matan gidan biki sun cika bencunan, fuska ɗaya aka zana musu duka. A gaba dogon tebur ne da mutum uku. Farfesa Ladan yana tsakiya da hularsa. Daga dama shugaban sashe, hawainiya, mai ɗaukar launin duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Daga hagu mai jarrabawa na waje, raƙumi cikin alkyabbar jami'a. Wuyansa ya fita ta wata ɓula a rufi, saboda haka duk abin da ke faruwa a ɗakin sai dai a ba shi labari.

Farfesa ya ce a garin nan ba da baki ake kare kundi ba, buga shi ake yi. Aka miƙo mini hannu, baƙi, ya sha jiki, wayarsa ta yi ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin benci. Talabijin ta kawo. Sai ga wata 'yar ƙaramar mace da jan mayafi, ta ɗora kundina a ka kamar farantin talla.

Farfesa ya ce, "Waccan ce ke. Bisimilla."

Na fara dannawa. 'Yar matar ta ruga. Rami ya zo ta tsallake. Tambayoyi suka taso kamar shaho ta sunkuya suka wuce. Wani ƙaton littafin Turanci ya gangaro mata, ta hau bayansa ta sauka ta ɗaya gefen, ko mayafinta bai zame ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na cije leɓe, na karkata jiki dama da hagu, har na ji kaina ina cewa yauwa. A raina na ce ashe duk shekarun nan da nake kallon yara hannuna ya faɗa ban sani ba. Hawainiya ta koma launin mayafina.

Mayafin nawa na gaske ya zame, na ɗauke yatsuna daga hannun don in gyara. 'Yar matar ba ta tsaya ba. Ta ƙarasa bakin wata rijiya, ta sauke kundin, ta lissafa da yatsa, ta zare babi na huɗu ta jefa ciki. Sannan ta juyo ta durƙusa tana godiya. Guɗa ta cika ɗakin, bayan ta lafa bakunan matan suka buɗe.

Hannuwana biyu suna kan mayafi. Na sunkuya na kama wayar, na jawo ta a hankali kamar mai jan guga. Ta taho ba gardama. Bakinta ya fito daga ƙarƙashin benci, duk yana da ƙura, har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Na dubi Farfesa. Kafaɗunsa suna motsi kaɗan-kaɗan, hannuwansa suna ƙarƙashin tebur.

Na san wannan motsin kafaɗa. A zauren gidanmu na fara ganinsa, lokacin da Yaya Mudi ya aro na'ura wurin abokinsa, ni kuma na kwanta ina birgima sai an ba ni. Ya ba ni. Ya ce ni ce mai jar riga. Kullum sai in ruga cikin gida in gaya wa Inna na ci ƙwallo, har ranar da na yi tuntuɓe da wayar na ga ba inda ta je. Ranar ban yi kuka ba, amma abin bai bar raina ba har na girma na mai da shi babi.

Farfesa ya yi magana, muryar Yaya Mudi ce ta fito.

"Ci gaba mana, ai kina ƙoƙari."

"Ranka ya daɗe, ba a jona ba."

"Don kada ki faɗi ne, 'yata. Ni na san hanyar, na sha bugawa. Ke dai ki riƙa dannawa, sunanki za a rubuta a ƙarshe."

Gaskiya yake faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba mugunta a fuskarsa ko kaɗan. Na ajiye hannun a kan benci na harɗe hannuwana. 'Yar matar da ke talabijin tana ta godiya ita kaɗai, tana tashi tana durƙusawa, ɗaki cike da mutane suna kallon yatsuna a harɗe. Hawainiya ta rasa launin da za ta ɗauka, ta zama ruwan toka.

Daga saman rufi muryar raƙumi ta sauko, ya tambaya me ya tsayar da jarrabawa. Na ɗaga murya na gaya masa an ba ni mataccen hannu.

"Wa ya rubuta haka?"

"Ni. A babin da aka jefa rijiya."

"Wa ya riga ki?"

"Ba kowa. Ga wayar a hannuna, ranka ya daɗe. Gani ya kori ji."

Ya ce a garinsu ji ne ya kori gani, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce haka ne, amma abin da ke ƙarƙashin benci sai wanda ya sunkuya. Na ce tunda ba su yarda da ni ba, su taso su uku su duba jikin na'urar da idonsu, taku kaɗan ne. Farfesa ya dafa tebur kamar zai miƙe, sai ya gyara hula. Raƙumi ya ce shi yana da uzuri. Ta tagar ɗakin na hango Ɗanlami mai zane yana wucewa, ya ɗaga mini fensir.

Na taka da ƙafafuna na je gaban na'urar. Rami ɗaya ne tak a jikinta, wayar Farfesa ce a ciki. Na kama ta.

Farfesa ya ce in yi hankali. Ya ce na'urar ba ta ajiye komai, in na zare wasan ya tashi, duk matakan da aka wuce sun tafi, sai in koma can farko wurin neman a amince da taken bincike, shekaruna duka a banza. Matan benci suka ce da murya ɗaya, ki yi haƙuri mana, me ya yi saura. Ƙosan ƙarshe ya fara rawa a saman kaina, mai yana ɗigo mini a goshi. Na ji tsoro, ba ƙarya. Na tuna kuɗin makaranta, na tuna Inna da ta riga ta gaya wa duk unguwa 'yarta za ta zama dakta, ko da yake har yanzu tana zaton allura zan riƙa yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gara in faɗi da hannuna."

Na zare tasa na cusa tawa.

Talabijin ta yi baƙi. Janareta ya yi tari ya amayo duk ƙarar da ya haɗiye tun kafuwar garin, zagi da sallama da kukan jarirai, suka fita ta ɓular rufi suka wuce ta kunnen raƙumi. Can sai hoto ya dawo. 'Yar matar tana tsaye a bakin rijiya, ba ta durƙusa ba, ba ta motsi. Ta juyo tana kallona. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tausayi kamar wannan tsayuwar ba, ashe tun ɗazu ba wanda ya taɓa jirana sai yanzu.

Na danna. Ta yi taku ɗaya ta buga goshi da bango. Na sake dannawa, ta juya ta sake buga shi. Matan suka yi salati. Ashe ban iya ba ko kaɗan, kuma ban taɓa jin daɗin rashin iyawa irin wannan ba. Na danna hagu ta yi hagu, na saki ta tsaya. Da ƙyar da jiɓin goshi na mai da ita bakin rijiyar. Farfesa ya ce ba a shiga nan, ba a zana cikinta ba. Na ce za mu gani. Ta kama igiya ta fara sauka, ni kuma ina dannawa, ƙas, ƙas, ƙas, can ƙasa wani farin abu yana yawo a kan ruwa, ƙas, ƙas, ƙas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, an kawo wuta, fanka tana juyawa. Ƙas-ƙas ɗin bai tsaya ba, daga falo yake fitowa.

Na fito da ɗankwali a hannu. Jabiru da Zinatu suna zaune a kan darduma gaban talabijin, ana wasan ƙwallo. Zinatu ta cije leɓe tana danna hannu da duk ƙarfinta. Wayarta ta bi ta ƙarƙashin tebur ta kwanta kusa da ƙafar kujera.

Jabiru ya gaishe ni ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Gwaggo, ita ce mai jar riga. Tana ƙoƙari."

Na sunkuya na ɗauki bakin wayar na jona a rami na biyu. Jabiru ya ce wallahi za ta ɓata masa wasa. Na ce ta ɓata. Na juya zan yi wa Zinatu bayani a hankali, yadda na tsara a babi na huɗu cewa yaro ba ya sanin ana yaudararsa. Ta riga ni.

"Ai na sani, Gwaggo. In na faɗa korata zai yi."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Wannan ba ya cikin babin, shekaru ina bincike ban taɓa tambayar masu riƙe hannun ko sun sani ba. Kuma jiya da la'asar, a ofishin Farfesa, ni ma to na ce.

Tun kafin in wanke fuska na kira shi. Bayan gaisuwa na ce masa babi na huɗu yana nan, har ma zai ƙaru. Ya tambaye ni ko na san abin da zai iya biyo baya ranar Alhamis. Na ce na sani, ranka ya daɗe. A bayana Jabiru ya dafe kai, mai jar riga ta kwashi ƙwallo ta zura a ragar gidansu. Ya ce ta kawo hannun ya gyara mata. Zinatu ta matse shi a ƙirji ta ce ba ta bayarwa.